Kujerar mace a majalisar Dantchiao ba aro ba ce

Malam, na karanta rubutunka a kan dokar kason mata, inda kake neman idan an tashi mayar da majalisun ƙananan hukumomi a Nijar a bar wannan doka a baya, a binne ta tare da jam'iyyun da aka rusa. Ka ce Turawa da ƙungiyoyinsu ne suka ɗora mana ita. Ka ce matan da ta shigar majalisa 'yan amshin shata ne kawai. Sannan ka ɗauko Dantchiao da maƙwabtanta na Magariya da Dungas ka kafa hujja da su, wai shekara 20 ana zaunar da mata a kujera amma har yau tamowa na cin yara, har yau mace na wuni a bakin rijiya. Ban yarda da kai ba, kuma tunda ƙasarmu ka ɗauka misali, daga can zan ba ka amsa.

Bari in fara da asalin abin, domin a nan maganarka ta fi rauni. A 1991, zamanin Janar Ali Saibou, aka kafa kwamitin da zai shirya babban taron ƙasa, aka sa mace ɗaya tak a cikinsa. Ranar 13 ga Mayu matan Yamai suka fito dubbai suka cika titi, suka ce ba za a yanke makomar ƙasa a bayan idonsu ba. Dole aka ƙara mata 5 a kwamitin. Ranar ce ta zama ranar matan Nijar da ake bikinta kowace shekara, kuma ba Bature ne ya ɗaura musu ɗankwali ya tura su ba. Bayan shekara 8, a zaɓen 1999, majalisar dokoki mai kujera 83 ta sake fitowa da mace ɗaya. Wannan abin kunya ne ya haifi doka mai lamba 2000-008 ta ranar 7 ga Yunin 2000, a mulkin Tandja Mamadou, wadda ta ce kowane jinsi, maza ko mata, kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na zaɓaɓɓu da kashi 25 na muƙaman naɗi. Zaɓen 2004 na zuwa, mata suka zama 14 cikin 113. A 2014 aka ɗaga kason zaɓaɓɓu zuwa 15, a ƙarshen 2019 aka kai shi 25, na naɗi kuma 30.

Da a ce duk abin da masu ba da tallafi suka miƙo mana haɗiyewa muke yi, da yanzu muna da dokar iyali. Daftarinta tun shekarun 1990 aka jingine shi saboda ƙungiyoyin Musulunci sun ƙi. Yarjejeniyar Maputo a kan haƙƙin mata kuwa, 'yan majalisarmu ne suka yi watsi da ita a 2006. Ƙasar da ta iya ƙin waɗannan biyu ita ce ta karɓi kaso, ta kuma ƙara shi har sau biyu da hannunta. Wannan zaɓi ne, Malam, ba tilas ba.

To mu dawo gida. Mene ne aikin ƙaramar hukuma irin Dantchiao? Ba ta da soja, ba ta aika jakada. Tun zaɓen farko na 24 ga Yulin 2004, abin da ke gabanta shi ne takardar haihuwa, harajin kasuwa, rumfuna da mahauta, burtali da mashayar dabbobi, da tsarin raya karkara da majalisa ke amincewa da shi. A 2016 gwamnati ta sa hannu a kan miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na iko a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Ka dubi huɗun nan da kyau ka gaya mini wanne ne ba a wuyan mace yake sauka ba idan ya lalace.

A watan Agusta, lokacin da gero bai nuna ba rumbu kuma ya zama wayam, ga sauro ya yi yawa, ka je ka tsaya da sassafe a ƙofar kowace likita ta karkara a ƙasar Magariya. Za ka ga amalanke ta sauke mace da goyo, jikin yaron zafi rau, ta ƙulle katin awo cikin leda don kada ruwa ya taɓa shi. Ma'aikaci ya naɗa ɗan zaren awo a damtsen yaron. Idan ya nuna ja, ta san kwanan Magariya ya kama ta, sai ta shiga lissafin wa za ta bar wa sauran yara, wa zai ba awaki ruwa, wa zai kai wa maigida fura gona. Maza kaɗan ne a wurin, suna can wajen noma, kuma ba laifinsu ba ne. Amma ita ce ta san wane kwari ke yanke hanya idan an yi ruwa, wane famfo ya yi wata biyu ba ya ɗiga, wane ƙauye ne ungozomarsa ta tsufa ba a sami madadi ba. Wannan sani shi ne ainihin abin da majalisar ƙaramar hukuma ke zama don ta ji. Majalisar da ta rufe ƙofa ga mai shi, cikin duhu take raba kuɗin jama'a.

Ban musa maka halin da ake ciki ba. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a asibitin Magariya, kuma a daminar 2018 ita da kanta ta sanar cewa yara kimanin 10 ke rasuwa kullum a sashen yara. Babu ɗan ƙasar nan da zai ji haka hankalinsa bai tashi ba. Inda na rabu da kai shi ne wanda ka ɗora wa laifi. Majalisun 2004 da na 2011 ƙarƙashin kashi 10 aka zaɓe su, wato a majalisa mai kujera 20, mata 2 ne doka ta tilasta. Kashi 15 bai taɓa aiki a ƙananan hukumomi ba, don ba a yi zaɓensu ba tsakanin 2011 da 2020. Kashi 25 kuwa sai a zaɓen 13 ga Disamban 2020 ya fara, kuma a Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun baki ɗaya suka naɗa shugabannin riƙo. Shekara 3 da 'yan watanni ke nan. A duk tsawon waɗannan shekaru 20 da kake faɗa, rinjaye na maza ne, magajin gari a kusan ko'ina namiji ne, haka mai riƙe asusu. Idan majalisa ta gaza, ta yaya laifin ya tsallake mutum 18 ya faɗa kan 2? Kuma kai ma ka san babbar cutar ƙananan hukumominmu: lanho ba ya shigowa yadda ya kamata, an miƙa musu aiki amma kuɗin aikin bai biyo baya da sauri ba. Wannan ciwo bai san mace ko namiji ba.

Maganar amshin shata ita ce wadda ka fi gaskiya a cikinta, shi ya sa zan daɗe a kanta. Na taɓa zama a zauren wata majalisa da ba sai na ambaci sunanta ba, ranar da ake duba kasafin kuɗi. Maza a gaba, mata biyu a can baya kusa da ƙofa. A cikin zauren aka raba takardu, da Faransanci, shafuka da yawa cike da lambobi. Sakatare ya karanta da sauri, aka taƙaita da Hausa cikin jimla uku, aka ce a ɗaga hannu. Ɗaya daga cikin matan, dattijuwa mai sayar da man gyaɗa, ta miƙe ta tambayi inda aka sa kuɗin gyaran famfon ƙauyensu. Aka ce mata ta jira ƙarshen zama. Kafin ƙarshen ya zo an yi la'asar, ɗan kabu-kabun da zai mayar da ita gida yana jira, hanya kuma da nisa, sai ta tashi. Wanda ya leƙo zauren a ranar zai ce matan nan ba su ce komai ba. Ni abin da na gani daban ne: rabin mazan da ke gaba su ma ba su iya karanta takardar ba, sun ɗaga hannu kamar yadda ta ɗaga, amma ba wanda ya rubuta a jarida cewa a hana maza kujera.

Sannan wa ke rubuta jerin 'yan takara? Mai jefa ƙuri'a jam'iyya yake zaɓa, ba mutum ba. Shugabannin jam'iyya ne, maza, ke zama da dare su jera sunaye. Idan suka zo gurbin mace, da yawansu ba mai baki suke nema ba, wadda ba za ta tayar musu da hankali ba suke nema: matar wane, ƙanwar wane. Ga kuma wata ɓaraka a cikin dokar kanta. Kason a kan kujerun da kowace jam'iyya ta ci ake lissafa shi, saboda haka a majalisar da jam'iyyu da yawa suka yi ɗai-ɗai da kujeru, wannan ta ci ɗaya waccan ta ci biyu, sai gurbin mata ya zube a tsakani. Wannan aibin masu rubuta jeri ne da masu rubuta doka. Maganinsa a toshe ɓarakar, ba a rushe ɗakin ba.

Matan da za su iya kuwa suna nan, ba sai an je Yamai nemansu ba. Ka san Mata Masu Dubara, ƙungiyoyin asusu da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, suka bazu har ƙasar Damagaram. Na san za ka ce ai ga hannun baƙi. To adashi namu ne tun kaka da kakanni, kuma kuɗin da ke cikin akwatin na matan ne, ba na kowa ba. Ka zauna kusa da su ranar zubi ka gani. Mata 25 ko 30 a kan tabarma, akwati a tsakiya, makullai a hannun mutane daban-daban don kada mutum ɗaya ya buɗe shi a ɓoye. Wadda ta makara ta biya tara. A ƙirga kuɗi da ƙarfi kowa na ji, a faɗi wadda ta ci bashi da ranar biya, kuma akwai wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba amma lissafin kowa na kanta, dala ɗaya ba ta ɓata. Da yawa daga cikin matan da suka ci kujerar majalisa a 2004 da 2011 a irin wannan tabarma suka koyi magana a gaban jama'a. Ina fatan ranar da za a ƙirga kuɗin ƙaramar hukuma a fili kamar yadda suke ƙirga nasu.

Ka ce ba su da ilimi. Da gaskiyarka ta wani ɓangare, kuma a kujerar magajin gari abin ya fi fitowa. Kaso bai shafi wannan kujera ba, 'yan majalisa ne ke zaɓen magajin gari a tsakaninsu, doka kuma ta nemi ya kasance yana da aƙalla takardar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare. Bayan zaɓen 2011, cikin ƙananan hukumomi 266 matan da suka hau wannan kujera ba su kai 10 ba. A ƙasar da 'yan mata 3 cikin 4 ke yin aure kafin shekara 18, mai BEPC a ƙauye abin nema ce. Amma ka lura da yadda abin ke zagayowa: babu mace a inda ake yanke shawarar gina aji da kewayen 'yan mata da rijiyar makaranta, yarinya ta bar karatu, gobe a ce babu mace mai takarda. Dole a yanke zagayen a wani wuri. Batun harshe kuwa ya ma sauƙaƙa, tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Me zai hana a rubuta kasafin kuɗin Dantchiao da Hausa, da boko da ajami, a aika wa kowane ɗan majalisa mako guda kafin zama?

Wannan gardama ba mu kaɗai muka yi ta ba. Indiya ta ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka tun 1993, har da na shugabanci, kuma can ma an yi ta kukan cewa miji ne ke mulki da sunan matarsa. Duk da haka, binciken da Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo suka wallafa a 2004 a kan jihohin Bengal ta Yamma da Rajasthan ya nuna ƙauyukan da mata ke shugabanta sun fi zuba kuɗi a ruwan sha, abin da matan wurin suka fi kawo kuka a kai. Wani bincike na baya ya nuna cewa inda mace ta yi shugabanci zango biyu, iyaye sun ƙara buri a kan 'ya'yansu mata, 'yan matan kuma sun ƙara daɗewa a makaranta. Zango biyu, Malam. Mu kashi 25 ko zango ɗaya bai cika ba.

Idan kana son ganin abin da ke faruwa inda babu kaso, ba sai ka tafi da nisa ba, ka tsallaka iyaka. A Najeriya 'yan majalisa sun ƙi ƙudurorin ware wa mata kujeru a Maris 2022, kuma bayan zaɓen 2023 matan da ke Majalisar Dattawa mai kujera 109 ba su kai 5 ba. Matan Kano da Jigawa ba su gaza namu karatu ko dukiya ba. Abin da suka rasa shi ne doka.

Ka ce cancanta kaɗai ya kamata ta ba mutum kujera. Amma mu a Nijar mun daɗe da yarda cewa akwai muryar da idan ba a ware mata wuri ba, ba za a ji ta ba. Kafin a rusa ta a 2023, majalisar dokoki tana da mazaɓu 8 na musamman domin ƙananan ƙabilu, Teskar ta jiharmu ta Damagaram na cikinsu. Kafin a rusa majalisun, sarakunan gargajiya suna zama a majalisar ƙaramar hukuma ba tare da an zaɓe su ba, suna da bakin shawara ko da ba su da ƙuri'a, kuma daidai ne, domin sun san ƙasa. Ban taɓa jin ka ce wannan ya tauye cancanta ba.

A kan addini, ban zo in yi jayayya da malamai game da babban shugabanci ko alƙalanci ba. Hadisin da ka jawo a kan shugabancin mace, an faɗe shi ne lokacin da Farisawa suka ɗora 'yar Kisra a gadon mulki. 'Yar majalisar Dantchiao ba sarauniya ba ce, ba limamiya ba ce, ba ta yanke hukunci. Wakiliya ce da ke kai kukan mutanenta, ta ba da shawara, ta sa ido a kan dukiyar jama'a. A Hudaibiyya, lokacin da al'amari ya yi wa Sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauka, aka sami mafita. A ƙasar Hausa kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis, ta aike su ƙauyuka suna jagorantar 'yan taru, suna karantar da mata suna kawo mata labarin halin da suke ciki. Fadojinmu ma sun san kujerar mace: Iya a Maraɗi, Inna a Gobir, Magira a Damagaram, Magajiya a Daura da ke nan kusa da mu. Idan akwai baƙon abu a nan, zauren shawara da babu mace ko ɗaya shi ne baƙo. Abin da addini ke nema, kamun kai da sutura da mutunci, a tsara zama yadda zai kiyaye su: a yi shi da rana, a tashi da wuri, a biya kuɗin hanya.

Akwai abubuwa biyu da ba ka taɓo ba, su ne suka fi damuna. Na farko gona. Ƙasar Magariya na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki na ƙara tsukewa da kowane rabon gado, kuma idan gandu ya matse, gamanar mace ce ake fara karɓewa. Wasu ko gadon da shari'a ta ba su ba sa samu a ƙasa, sai a ba su 'yan kuɗi a ce an sallame su. Kwamitin filaye na ƙaramar hukuma, kafin a rusa majalisun, magajin gari ne ke shugabantarsa. Macen da aka ƙwace wa gamana ba za ta iya tsayawa gaban maza zalla ta kai ƙarar ɗan'uwanta ba, amma za ta iya shiga ɗakin 'yar majalisa da dare ta faɗa mata. Na biyu tafiya. A Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, akasarinsu mata da yara daga ƙasar Kance, maƙwabtanmu. Kafin mace ta sayar da akuyarta ta kama wannan hanya, matan unguwa sun sani, an yi maganar a wajen daka da bakin rijiya. Labarin ba ya isa zauren majalisa sai an riga an tafi, domin babu mai kai shi.

Saboda haka abin da nake nema kishiyar naka ne. Yanzu da babu majalisun, shugabannin riƙo su riƙa zama da shugabannin ƙungiyoyin mata kafin su tsara kasafi, ba sai ranar 13 ga Mayu ba. Idan kuma aka zo rubuta sabuwar dokar zaɓe, da jam'iyyu ko babu su, kashi 25 ya zama mafi ƙaranci, a lissafa shi a kan majalisa gaba ɗaya don kada ya zube tsakanin jeri da jeri. A sa doka cewa magajin gari da mataimakinsa na farko kada su zama jinsi ɗaya. A bar ƙungiyoyin mata na kowace ƙaramar hukuma su sa baki a kan wadda za ta wakilce su, maimakon a zaɓo musu ita a zauren wani mai kuɗi. A ba mata shugabancin wasu kwamitoci, har da na kuɗi, kada a tsare su a na walwalar jama'a kawai. Idan an yi haka zango biyu cur, Malam, ka zo mu zauna da kasafin Dantchiao a gabanmu, mu ƙirga famfuna da azuzuwa da takardun gonaki, mu ga abin da ya canza da wanda bai canza ba.